Filogi Huɗu a Gwangwanin Maɓallai

"Sauke wannan gudumar kafin in sauke maka ita a ka!"

Muryar Baba Direba ce, kuma tun da ciwo ya kama shi ban ji ta fito da ƙarfi haka ba. Na bar wandon da nake sa wa zif a kan keken ɗinki na tsallaka gidansa, ban ma san da almakashi a hannuna ba. Na tarar da 'yan gwangwan biyu, masu sayen tsohon ƙarfe, a ƙarƙashin rumfa, ɗaya yana ƙwanƙwasa gefen tsohuwar motar Baba da guduma yana kasa kunne, ɗayan ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Baba yana kan kujerarsa a bakin ƙofar ɗaki, bargo a cinya, ya ɗaga sanda.

Mai gudumar ya ce su fa allo suka gani a ƙofar gida an rubuta ta sayarwa ce, shi ya sa suka shigo.

"Mota na rubuta," in ji Baba. "Ban rubuta ƙarfe ba."

Suka fita suna dariya. A bakin ƙofa mai gudumar ya waiwayo ya ce, "Za mu dawo, Baba. Mu ba ma gaggawa." Ba na tsammanin da mugunta ya faɗa, amma na ga inda maganar ta samu tsohon, don sai da ya sauke sandar a hankali ya jingine ta da bango.

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da shi, katanga ɗaya ce tsakanin shagona da tsakar gidansa. A waɗannan shekarun, sha tara motar nan tana zaune a kan bulo huɗu. Ƙofa biyu gare ta, dogon gaba, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya a sha iska. An ce a da ruwan madara ce. Ni dai launin tsohon haƙori na san ta da shi. Kujerunta sun fashe soso ya leƙo, rufin ya yage gida uku, fitila ɗaya ta makance. Wani tsohon likita Baba ya tuƙa a cikinta shekara talatin, da likitan ya ajiye aiki ya miƙa masa makulli ya ce ya fi kowa cancanta. A hanyar kawo ta gida giyarta ta karye, da igiya aka ƙarasa da ita. Tun daga ranar yake shirin gyara ta, shekara na tafiya, kuɗin makarantar 'ya'ya na cinye shirin.

Abu ɗaya ne bai taɓa tsallakewa ba. Duk Asabar da hantsi zai ɗaga bonet, kuma unguwa duka sai ta sani, don marfin yana wani irin kuka kamar akuyar da aka take wa ƙafa. Zai yaye ledar da yake shimfiɗa wa injin, ya kwance filogi huɗu, ya zuba cokali ɗaya na man inji a kowane rami, sannan ya sa doguwar sifana a ƙaton notin gaba ya juya injin da hannu sau goma. Ya mayar da komai, ya rufe. Cokalin na Inna ne, matarsa, daga kicin ya ɗauko shi a shekarar farko, kuma shekara sha tara tana yi masa gorin cokalin nan. Ni kuma ina yi masa tsiya ta saman katanga, in ce ya zo in auna amaryar in ɗinka mata zane. Ya ce ya ba ni awo yanzu, ya karɓi ɗinki a lahira?

Yakan ce tsatsar jiki ba komai ba ce, kujera da rufi duk aikin hannu ne. Mota ba ta mutuwa sai ranar da injinta ya kafe.

Da zuciyarsa ta fara kumbura masa ƙafafu, shi da kansa ya sa Auta, 'yarsa, ta rubuta allon. Ya san lissafin da babu mai son faɗa. Gidan na haya ne, idan ya tafi Inna za ta koma wurin Auta a bene hawa na uku, kuma mota ba ta hawa bene. Idan bai samo mata wanda zai tayar da ita ba tun yana da rai, guduma ce za ta gaje ta.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo Asabar ce. Bayan fitarsu ya yunƙura zai je rumfar, ƙafafu suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, Inna ta dafa kafaɗarsa. Sai ya ce in ɗauko sifanar a jikin ƙusa. Yana zaune ya koya mini aikin daki-daki, na yi yana kallo, injin ya juya a hannuna suɓul.

"Tela," ya ce, "wannan ba ɗinki ba ne. Ba a cewa a dawo jibi."

"Haba Baba. An gama."

Wanda duk ya taɓa kai wa tela yadi ya san nauyin wannan kalmar a bakinmu. Wallahi ranar da gaske nake.

Asabar ta farko na yi, ta biyu na yi. Kafin ta uku Baba ya kwanta gaba ɗaya, gadonsa a jikin tagar da ke kallon tsakar gida, sai dai daga kwance ba ya hango rumfar. Ran Asabar ta ukun na ɗaga bonet, na yaye leda, na kwance filogi huɗu, ina miƙa hannu ga cokali sai na ji wata mata tana zazzaga masifa a shagona kan kayan makarantar 'ya'yanta. Na zuba filogin a aljihu, na sauke marfin, na ce minti biyar. Ledar tana ƙasa inda na yar da ita. Da yamma ina cire riga na ji nauyi a aljihu, na juye su cikin gwangwanin maɓallai da niyyar gobe da sassafe.

Goben tela kuwa kowa ya san tsawonta. Lokacin komawa makaranta ne, kaya sun yi tsibi har kan teburin guga. Damina ta sauka. Kwanon rumfar yana da wata ɓula daidai saman bonet, marfin kuma yana da tsage-tsagen shan iska. Na san da wannan sarai, don ni na riƙe wa Baba tsani sau biyu yana liƙe ta. Kowace Asabar ina cewa bari in gama wannan wuyan rigar. Da sati huɗu suka wuce kuma sai ya zama tsoro ne yake hana ni zuwa, ba aiki ba. Ba na son in ɗaga in ga abin da zan gani.

Amma gaisuwa ban fasa ba. Duk yamma zan shiga in zauna a bakin gadonsa, ran Asabar kuma zai juyo da kai ya tambaye ni ya amarya. In ce na juya ta, lafiyarta ƙalau, kamar an shafa mata mai. Sai ya dube ni ɗan jim, ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Wata huɗu ina karɓar wannan albarkar ina fita da ita.

Masu saye sun yi ta zuwa. Baba yana da jarrabawarsa: zai sa Inna ta buɗe taga, ta ce wa baƙon ya shiga motar ya zauna, ya fito ya rufe ƙofa. Daga kan gado yake sauraro. Wanda ya buga ƙofar garam, ko nawa ya taya, Inna za ta fito ta ce a yi haƙuri, an fasa. Wani ya so ya kafa ta a gaban gidan abincinsa ya cika ta da furanni. Wani masu ɗaukar hoto zai riƙa ba haya, ya ce injin ma a cire a rage nauyi. Auta ta gaji, ta ce Baba ba mai saye yake nema ba, suruki yake nema. Ya ce ai ita ma sai da ya kori uku kafin ya ba da ita, ta tambayi mijinta.

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Numfashinsa ya fara yin gajere, magana biyu sai ya huta. Zoben hannunsa Inna ta cire da sabulu.

Wani bakanike ya zo wata Talata da hantsi, ruwa ya ɗauke kenan. Dattijo ne, furfura ta gama da kansa, wai labarin motar ya ji a bakin wani mai sayar da kayan gyara. Kafin ya taɓa ta sai da ya zaro tsumma daga aljihu ya goge hannunsa. Ya zagaya ta sau biyu. Ya shiga ya zauna, ya daɗe riƙe da sitiyari, ya fito ya tura ƙofar da yatsa biyu har ta ce ƙyas.

Daga ɗaki muka ji Baba yana cewa, "Ku fito da ni."

Ina jin haka sai ga ni a shagona, hannuna a cikin gwangwanin maɓallai, ina lalube kamar ɓarawo. Na cusa filogin a aljihu na zo da sauri, a zuciyata ina cewa ko zan samu in mayar kafin a lura. Auta ta tare ni a tsakar gida ta ce in kama mata kujerar Baba. Muka ɗauko shi, bai fi nauyin ƙunshin yadi ba. Muna ajiye shi a bakin rumfa bonet ya yi kukansa.

Bakaniken ya daɗe sunkuye. Da ya ɗago, ɗan yatsansa ya yi ja da ruwan tsatsa.

"Ina filoginta?"

Inna ta dubi Auta, Auta ta dubi ledar da ke yashe a gindin bulo, laka ta hau kanta. Na sa hannu a aljihu na fito da su. Wani farin maɓalli na rigar makaranta ya biyo su, ya faɗi ya gangara har gaban ƙafar Baba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Baba ya dubi maɓallin, bai dube ni ba.

"Ni na ce ya cire," ya ce. "Na manta ban ce ya mayar ba. Tsufa ne, malam."

Bakaniken ya karɓi sifanar ya sa a noti, ya danna. Ya gyara tsayuwa ya sake dannawa da nauyin jikinsa duka har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko gezau. Ya zare ta ya goge, ya zo ya durƙusa gaban kujerar, ya yi wa Baba magana a hankali yadda ake gaya wa mutum sakamakon asibiti. Ya ce jiki da kujeru da rufi duk zai iya, giyar ma ya san inda zai samo. Amma irin wannan injin an daina ganinsa, idan ya kafe ba shi da na canji, kuma ba zai ɗauke ta ya je ya ajiye ta tana ruɓewa a garejinsa ya ce ya cika alkawari ba. A tsane ruwan, a riƙa zuba man dizal a ramukan kullum, a gwada a hankali, kada a yi mata dole. Wani injin yakan saki a sati, wani a wata, wani har abada. Idan ta juya a kira shi, ko ranar ce zai zo. Ya rubuta lambarsa ya ba Inna.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce a matso da kujerar kaɗan, ya miƙa hannu ya ɗora a gefen motar, ya bar shi nan har sai da Inna ta ce iska ta yi sanyi.

Daga ranar na zama mutumin da ya kamata in zama wata huɗu da suka wuce. Safe da yamma ina rumfa. Na hau na liƙe ɓular kwanon, na tsane ramukan da tsumma a kan tsinke, na zuba dizal, na jingina da sifana ina roƙon Allah. Masu kaya suna zuwa shago suna tarar da kwaɗo. Mai ɗakina ta ce yanzu da doki ya gudu ne nake gyaran turke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ya daina tambaya. Zan shiga in zauna, hannuna na warin dizal, ya tambaye ni yara, ya tambaye ni kasuwa, amma amarya ba ta ƙara fitowa daga bakinsa ba. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar filogin nan..." Sai ya ɗaga yatsa.

"Ka taɓa jin kukanta?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ba ta da hayaniya. Idan ta kama hanya sai ka ce mage ce a cinyarka." Ya huta. "Likita yakan yi barci a baya, hularsa a fuska. Ni kaɗai nake jin ta." Ya sake hutawa, ya daɗe. "Gyara mini filon nan, Tela."

Na gyara masa. Iyakar abin da ya bari na faɗa kenan.

Ya rasu ran Laraba, kwana sha biyar da zuwan bakaniken, wajen ƙarfe goma na safe. Ina rumfa a lokacin, na dafa sifana, sai na ji Inna ta kira sunan Auta sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Daga yadda ta kira na gane. Na tsaya a wurin da gwangwanin dizal a hannuna na kasa shiga, na kasa fita. Na yi kukan maƙwabcina, na kuma yi kukan kaina, kuma har yau ina jin kunyar na biyun.

Cikin masu zuwa gaisuwa har da mai gudumar. Ya zauna da ladabi, ya yi addu'a, da zai fita idonsa ya ɗan leƙa rumfar. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce. Auta ta same ni bayan kwana uku ta ce ƙarshen wata za su miƙa makullin gida. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kira ni Kawu ba kamar yadda ta saba tun tana rarrafe. Ta ce idan motar ba ta juya ba kafin lokacin, ba ta da yadda za ta yi.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ran Asabar da hantsi, na jingina da sifanar kamar kullum ba tare da na sa rai ba. Sai na ji wani ɗan ƙas a tafin hannuna. Na ɗauka notin ne ya kwance. Na sake dannawa, sifanar ta tafi kamar faɗin yatsa, ta tsaya. Na dawo da ita baya, na sake turawa, ta tafi rabi. A karo na biyar ta zagaya gaba ɗaya, baƙin dizal ya yi tsartuwa daga ramukan ya ɓata mini gaban riga.

Ban san lokacin da na juya wajen tagar ba, bakina a buɗe. Labulen ma an cire. Inna ce a tsaye a ciki tana naɗe shi.

"Ta juya?"

"Ta juya, Inna."

Ta fito ta tsaya kusa da ni tana kallon injin. Ta rame, zanen jikinta ya yi mata yawa. Na ce mata akwai abin da ya kamata ta sani, ba Baba ne ya ce in cire filogin ba, kuma wata huɗun nan da nake cewa...

"Ya sani," ta ce.

Na saki sifanar na juyo na dube ta.

"Marfin nan da ko kurma yana jin kukansa? Duk Asabar zai ce in buɗe taga. Ya yi ta sauraro har azahar, sannan ya ce in rufe. Na ce masa bari in kira wani ya riƙa yi. Ya ce in ya sa wani, ya gaya wa unguwa kenan maƙwabcinsa maƙaryaci ne. Ya ce aiki ne ya yi maka yawa, za ka zo. Ramukan ne kawai bai san a buɗe suke ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni na so in yi maka magana, Tela. Shi ya hana."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna a ƙasa a gindin motar, ƙato da ni, ita kuma ta koma ciki ta nemo takardar lambar.

Bakaniken ya cika maganarsa, da la'asar ya iso da janwe, motar jan mota, da tayoyi huɗu na aro. Da ya ji Baba ya rasu ya cire hularsa ya yi masa addu'a. Ya sa sifanar da kansa ya juya sau goma, ya mayar da filogin ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa. Bai yi ciniki ba, abin da Auta ta faɗa shi ya bayar. Ya ce zai kai shekara, wataƙila biyu, amma ranar da ta tashi zai zo ya ɗauki Inna ya zagaya da ita. Inna ta ce Allah ya kai mu, da muryar da ake amsa wa yaro.

Muka sauke ta daga kan bulo, muka tura ta waje. Mutanen layi suka fito ƙofar gidajensu, da yawansu ba su taɓa ganin ta a rana ba. Janwe ya ja, yagaggen rufin yana kaɗawa, har suka sha kwanar mai faci. Auta ta cire allon daga ƙofar gida ta kifa shi a jikin bango.

Da na koma ɗaukar gwangwanin dizal na tarar da Inna a rumfar. Inda motar ta zauna ƙasar ta fi ko'ina fari, sai ɗigon mai a tsakiya da bulo huɗu a kusurwoyi. Cokalin yana kan ɗaya daga cikinsu, ya yi baƙi, bakinsa ya lanƙwashe. Ta ɗauka ta goge shi da gefen zanenta, ciki da baya. Na zaci kicin za ta nufa da shi, sai ta zauna a kan bulon ta riƙe shi a cinya. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon, ko ɗigo ɗaya bai zubo ba.